Bokitin Tsohon Yashi

Zauna nan, Ɗanjuma. Na ji tun da aka ba ka riƙon shagon ɗinkin mahaifinka ka fara cewa tsofaffin teloli sun ishe ka, sabon jini kake so. To, buɗe kunnenka in ba ka misali.

Akwai wani mutum da ya yi ritaya ya kama kiwon kifin ado, irin jajayen nan da ake sawa a akwatin gilashi. Mutum ne mai tsabtar tsiya. Ya sayo tsakuwa fara sol, manya-manya masu kaifi, ya shimfiɗa a gindin akwatin, duk mako ya kwashe ta ya dirje da sabulu har sai ta yi ƙyalli. Manyan kifin suna jurewa. 'Ya'yan kuwa, da ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba, sai su faɗa tsakanin tsakuwa su maƙale, waɗanda suka tsira kuma ruwan ya gama da su. Duk ƙyanƙyasa haka, da safe ya tarar sun juya ciki sama. Shi kuwa bawan Allah sai ya ce datti ne, ya ƙara sabulu. Aka yi ta yi har manyan ma suka fara mutuwa, uwa ɗaya tak ta rage masa. Da ta zuba ƙwai, ya rantse idan waɗannan ma suka mutu ya bar sana'ar har abada.

A bayan layinsu akwai wata dattijuwa, ana ce mata Iya, da ta daɗe a wannan kiwo. Ta ji labari a bakin matarsa, sai ga ta da bokiti. Yashin rafi ne mai laushi a ciki, ya yi duhu, ga gansakuka, ga yauƙi, ga ƙarni. Ta ce daga gindin akwatinta ta ɗebo, kuma tun da ta zuba shi bai taɓa ganin sabulu ba. Ransa ya ɓaci. A zuci ya ce wadda ke sayar da abin da yake sayarwa, ai so take ta ƙarasa shi. Ya yi godiyar fatar baki, niyyarsa tana juya baya ya wanke yashin tas. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna daram. Kunyar idonta ce ta sa ya kwashe farar tsakuwarsa, ya shimfiɗa nata siriri, kaurin yatsa. Da za ta tafi ta ce, "Malam, in ya yi datti ka ɗauraye shi da ruwan akwatin, rabi yau, rabi wani makon. Yauƙin nan da kake ƙyama shi ke gyara ruwa, a cikinsa kuma suke kiwo kafin bakinsu ya kai ga abincinka."

Ƙwai ya fashe. Mutumin nan ya riƙa leƙawa, sai ya ga 'yan mitsi-mitsin suna tsattsagar yashi kamar 'yan tsaki a juji. Mako ya zagayo ba wanda ya juya ciki sama, wata ya zagayo sun fara ja. Wallahi sai da ya yi ƙwalla don murna. Ya zaɓi waɗanda suka fi kyau ya kai mata har gida, ya durƙusa da furfurarsa ya gode. Farar tsakuwar kuma ya cike ramin ƙofar gida da ita. Dattijuwar nan ta rasu, Allah Ya jiƙanta, amma har yau duk wanda zai fara kiwo a unguwar sai mutumin ya ɗebar masa yashi cikin hannu, ya ce, "Ba nawa ba ne, na Iya ne, ka sa ta a addu'a."

Saboda haka tsohon telan nan da kake cewa hannunsa ya yi nauyi, shi ya riƙe maka masu kawo ɗinki tun kana rarrafe. Gobe ka fara gaishe shi kafin ka buɗe shago. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.