Kaset Mai Shaidar Haƙori

Mai gyara bai ko ɗago kai daga rediyon da yake kwancewa ba, alhali mahaifiyarsa ta daɗe zaune a bencin shagon tana roƙonsa.

"Ƙaninka yana kwance a asibiti, kai yake ta tambaya. Ka je ka duba shi mana."

"Ya fara faɗin inda ya kai gem ɗina, Mama. Sannan in je."

Tsohuwar magana ce, tun suna makaranta. Kawunsu ne ya kawo masa na'urar gem irin ta da, mai cin kaset. Akwai kaset na faɗa, da na ƙwallo, da na tseren mota, wanda ya fi so fiye da abinci. A kansa ya faɗi jarrabawa har sau biyu. Ran nan ya dawo gida ya ɗaga katifar da yake ɓoye gem ɗin a ƙarƙashinta, wayam. Ƙanen ya yi ta rantsuwa ba shi ya ɗauka ba har muryarsa ta dishe, duk da haka ya sha dukan babansu. Daga ranar mai gyara bai sake kiransa da komai ba sai ɓarawo. Ga furfura ta fito masa, amma riƙon yana nan ɗanye shar.

Kullum mahaifiyar abu ɗaya take faɗi: a bar tone-tone, ai ga shi karatu ya yiwu daga baya.

Suna cikin haka wani direba ya shigo da kwali, ya dire a kan tebur.

"Maigida, duba min wannan. Na hura kaset ɗin har na gaji, ya ƙi tashi. So nake 'ya'yana su ga abin da muka yi yayi."

Mai gyara ya ɗauki kaset ɗin tseren mota, ya juya shi. A kusurwarsa ga shaidar haƙora, nasa, na ranar da motarsa ta kife dab da layin ƙarshe ya gantsara masa cizo don haushi. Ya duba hannun gem ɗin, ga jan zaren da ya ɗaure wayar da shi. Zuciya ta ɗebe shi. Ya zagayo ya tare ƙofa.

"Ba inda za ka! Kayan sata ne wannan. Wa ya sayar maka?"

"Kai, iya bakinka! Ni kake kira ɓarawo?"

"Wani siriri ne mai tabo a goshi, ko? Faɗi a gaban uwarsa, yau ta ji da kunnenta!"

Mahaifiyar ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce kanta na ciwo, gida za ta.

"Zauna, Mama. Shekara da shekaru kina kare shi."

"Ba wanda ya sayar min," in ji direban cikin fushi. "Ina yaro, ina zaune a rumfar mahaifiyata a kasuwa, wata mata ta ajiye min shi a cinya. Ta ce in ɗauke mata wannan bala'in kafin ya kashe wa ɗanta karatu."

Ya juya zai nemi hanyar fita, idonsa ya sauka a kan tsohuwar. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya rusuna.

"Ikon Allah! Mama, ashe kina nan? Ban taɓa samun damar yi miki godiya ba."