Duk Ƙunshin da Ya Zo

"To, gwana, nuna mana!" Manaja ya daki tebur.

Sau uku sabuwar injiniyar tana rubuta masa cewa babbar kwamfutar kamfanin tana kwance duk ƙunshin bayanan da aka turo ta intanet, ta bi umarnin ciki ba bincike. Yau ya tara ma'aikata don ya kunyata ta: ko ta turo wani mugun ƙunshi da zai yi ɓarna kowa ya gani, ko ta ajiye aiki.

Ana cikin dariya, sunayen kwastomomi suka fara ɓacewa daga babban allo, layi bayan layi.

"Ya isa haka! Tsayar da shi, munafuka!"

Ta ɗago jakarta a hankali, zif ɗinta a rufe.

"Yallaɓai, ni ko kwamfutata ban fito da ita ba."