Yatsan Maginiya

Kafin ki fara goge wa mutane fuska a kwamfutar nan, Yaya, jawo kujera ki ji wannan.

An yi wata tsohuwa maginiyar tukwane da ciwo ya fara ci. Ɗanta yana can wata ƙasa, shekara goma sha ɗaya bai sa ta a ido ba. Da 'yarta ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai ta kira mai hoto, don ko ɗan bai riski uwar ba ya tarar da kamanninta. Mai hoton ya san aikinsa. Ya zo da hantsi, ya samu tsohuwa ta lallaɓa tsakar gida tana lailaya bakin tulu. Ya ɗaura wa kyamararsa gilashin nan mai faɗin gani, ya durƙusa har gwiwarsa ta nutse a yumɓu, ya kai kyamara kusa da hannuwanta, tsakani bai fi taƙi guda ba. Kin san halin gilashin: abin da ya matso shi ne sarki, na nesa kuwa sai ya ƙanƙance. Hannuwan suka cika rabin hoton, da kaushinsu, da yumɓu a ƙarƙashin farce, da ƙaramin yatsan dama da ya karye tun tana budurwa ya ɗoru a karkace. Can baya ga fuskarta 'yar ƙarama da billenta, ga tukwane jere suna shan iska, har katangar gidan ta ɗan lanƙwaso kamar za ta rungume ta.

'Yar na gani ta taɓe baki, ta ja baya kamar an miƙo mata ruɓaɓɓen ƙwai. "Haba malam! Hannu sai ka ce faifai? In rataya wannan a falo, a ce uwata 'yar aikatau ce?" Shi kuwa, maimakon ya tsaya kan abin da idonsa ya gani, sai ya sosa ƙeya: "An gama, Hajiya, ai ɗan gyara ne." Ya rage hannuwan. Ya miƙar da yatsan, ya share kaushin, ya shafe billen don 'yar ta ce tabo ne. Ya haska fatar, ya cire tukwanen ya sa labule mai furanni. Da ya ga girar ta yi furfura, ya zana mata sabuwa baƙa wuluk, irin ta 'yan mata ranar Sallah. Duk gyaran da ya yi, a kan hoton asali yake adana shi. Katin kyamarar kuma ya goge don aikin gobe.

Tsohuwa ta rasu da damina. Ɗan ya iso bayan addu'ar bakwai, ƙanwar ta kai shi gaban hoton, an sa shi a firam mai ruwan zinare. Ya daɗe a tsaye. Ba fuska ya fara nema ba, hannu ya nema, domin yatsan nan karkatacce shi yake riƙewa yana ƙarami in za su kai tukwane kasuwa. Ya ga yatsu miƙaƙƙu sumul, kamar ba su taɓa taɓa ƙasa ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Wace ce wannan baiwar Allah? Ina na Inna?"

Suka koma wurin mai hoto neman hoton asali. Ya buɗe nan, ya buɗe can, gumi na tsatsafo masa. Babu. A ƙarshe abin da ɗan ya tafi da shi tulun nan ne da take ginawa ranar. A wuyan tulun akwai shatin yatsu uku a jere, na huɗun ya kauce gefe. Ya naɗe shi a babbar rigarsa, ya ɗora a cinya har inda mota ta sauke shi.

To Yaya, gyara ki yi, ban hana ki ba. Amma ki ajiye na asali daban, kuma ki tambayi kanki wa zai zo neman abin da za ki goge. Hausawa ba su faɗa a banza ba: garin neman gira, an rasa ido.