Siket Kamar Faifai

Ana dab da fita wasan makaranta uwar yarinya ta tarar Kaka ta ɗinke farin mayafinta a siket ɗin rawar jikarta, gajeren nan mai tsayawa ƙiƙam kamar faifai.

"Hajiya, kin kashe mu! Haka kayan bale, rawar Turawa, suke!"

"Tela ya cinye yadi kina kare shi? Yalla, mu je."

Tun daga unguwarsu Abu Hail yarinya take kuka, wai yau sai an cire ta daga rawar. Kaka ko a jikinta.

Malamar, wata Baturiya, ta zagaya yarinyar ta dafe ƙirji, ta ce ai haka masu rawar na zamanin da suke sa shi, har ƙwauri. Ta tsayar da ita sahun gaba.

Kaka ta zunguri uwar. "Kin ji ko? Ashe kakanninsu ma da kunyarsu."