Fulogi Huɗu a Ƙofar Gidan Sajan

Ƙarar farko ta tashi ne bayan la'asar, sai da mai shagon kan kwana ya kwanta ruf da ciki a bayan kanta. Baba Sifana kuwa ko gezau bai yi ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran mota kafin ciwon baya ya zaunar da shi a ƙofar gida, ya san tarin salansa kamar yadda ya san nasa.

Motar da ta yi ƙarar ta wani malamin lissafi ce, yayan matar Sajan, maƙwabcin Baba. Ya zo duba ƙanwarsa, Sajan ya hana shi shiga. Maimakon ya kama gabansa, sai ya buɗe bonet, ya fito da sababbin fulogi huɗu da sifana mai ƙyalli wadda ko takardar kanti ba a ɓare mata ba. Kallo ɗaya Baba ya yi wa riƙon sifanar ya gane yau ne farkon haɗuwarsu. Ko ɗan koyo ya san fulogi ɗaya-ɗaya ake canzawa, kowace waya ta koma gidanta. Shi kuwa Malam ya tattaro wayoyin huɗu ya fizge su gaba ɗaya kamar mai cire ciyawa, ya ɗaura fulogin, ya cusa kowace waya inda ya ga dama. Yana murɗa makulli motar ta yi wannan ƙarar.

Sajan ya fito ba riga, riƙe da bindiga. Tsohon soja ne, yanzu gadin wani kamfani yake yi, kuma bindigar nan kullum a kulle take a akwatin ƙarfe, makullin rataye a wuyansa. Da ya ga mota ce ta firgita shi a gaban mutane, sai kunya ta koma masa fushi. Ya ɗaga gindin bindigar ya maka wa Malam a fuska. Tabarau ya tarwatse, jini ya ɓalle daga gira har cikin baki. Ya ƙara masa da takalmi a haƙarƙari, sannan ya koma ciki da bindigar ya banko ƙofa, ya je ya huce a kan wadda ya saba hucewa a kanta.

Bango ɗaya ne tsakanin gidan Baba da na Sajan. Shekara shida ke nan yana jin ƙarar bel da karyewar kwanuka, yana ƙara muryar rediyo. Watan jiya ya ga matar da hannu a ɗaure, ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Da safiyar yau kuma ya ji Sajan yana rantsuwa cewa gawarta ce kaɗai za ta bar gidan nan. Baba ya san tsoro ne ke rufe masa baki, kuma abin yana cin sa a rai.

Malam ya tashi, ya share jini da hannun riga, ya sake sauya wayoyin. Tau! Ya sake. Tau! A ta uku tattabaru ne kawai suka tashi. A ta biyar mai shago ya fara ƙirgawa da ƙarfi, masu zaman benci suna tafi. Ihun matar yana fitowa ta taga, kowa ya mai da idonsa kan mota, don kallon mota ya fi sauƙi.

"Malam, kawo in haɗa maka," in ji Baba daga kujerarsa. "Minti biyu ne."

"Na gode, Baba. So nake in koya."

"Koyo? Ana kashe ƙanwarka kana koyo?"

Malam ya sake sauya wayoyin, rabin hankalinsa na kan ƙofar gidan. Baba ya yi tsaki. A ransa ya ce bai taɓa ganin rago irin wannan ba, sai kuma ya tuna da kansa.

Wani abu mai nauyi ya bugi bango daga ciki, ihun ya koma gurnani. Nan Baba ya kasa zama. In motar ta tashi, ko 'yan sanda sai a je a ɗauko. Ya dafa bayansa ya tsallaka titi, ya fizge sifanar, ya ture Malam gefe.

"Baba, don Allah kar ka taɓa! Ba yanzu ba!"

"Matsa can, ɗan nan, kafin ka ƙona mu!"

Ya sunkuya cikin inji, ya fara da abin da kowane bakanike mai hankali ke farawa da shi kafin ya sa hannu a waya. Malam ya faɗa cikin mota yana ta murɗa makulli kamar zai karya shi.

Tau!

"Bakwai!" in ji mai shago. "Har da Baba ma ta kayar!" Benci ya kwashe da dariya.

Baba bai ɗago ba. Muryar Sajan, wadda tun ɗazu take cika layin da ashar, ta ɗauke. Can ƙofa ta buɗe a hankali. Matar ta fito da ƙaramar jaka, ido ɗaya a kumbure ya rufe, ta tako tana ɗingishi, ta zauna a kujerar baya. Malam ya leƙo, ya ware tafin hannunsa. An rubuta da biro: ɗaya, uku, huɗu, biyu, jerin wayoyin daidai.

"Baba," ya ce ƙasa-ƙasa, "yanzu kam a taimaka mana."

Baba ya dubi matar, ta dube shi da idon da ya rage mata. Sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce, "Kai, wannan mota da ƙarar tsiya take!" Sannan ya kare injin da jikinsa, ya lallaɓa ya mayar da kan batirin da ke hannunsa tun kafin ƙarar ta bakwai ta tashi. Mota ba batiri kuwa, ko tari ba ta iya yi.