Kar Ki Taɓa Kwalekwalen

Ina gaban kowa a gasar ninƙaya ta kogin Paraná lokacin da Baba ya dafe ƙirji, ya zube cikin kwalekwalen rakiyata. Tun tasowata da doguwar sanda yake miƙo mini shayi, don wanda ya taɓa kwalekwale ya fita daga gasa.

Na miƙa hannu zan kama kwalekwalen.

"Kul, kifin Baba," ya ce. "Gajiya ce kawai. Ko so kike 'yar Brazil ta wuce ki?"

Na ji maganarsa. Na zo ta ɗaya.

Ana ta kiɗa a gaɓa kwalekwalen ya iso, an lulluɓe Baba da tawul ɗina har fuska.

Na koma ruwan, na rungume kwalekwalen. Babu wanda ya hana ni.