Zane Uku a Gindin Tukunya

Mutumin ya kifa tukunyar a gaban rumfata, ya ɗora yatsa kan zane ukun da ke gindinta.

"Malam, alamar nan ta wace ce?"

Na gane shi. Kafinta ne a Sabon Gari, mijin matar da a da take sayar mana da abinci a maƙera. Shekara huɗu ke nan da na ari tukunyarta ta kanti, ina danna ta cikin jiƙaƙƙen yashi in fitar da siffarta, in zuba narkakkiyar dalma. Kwana biyu na ce mata, na riƙe mako uku. Ranar da ta tako rumfata a Fagge karɓa, na ce ta dawo gobe. A ranar rikici ya ɓarke. Ba ta kai gida ba.

Yashi ba ya rufa asiri. Zanen da ta yi da ƙusa, don kada tukunyarta ta ɓace cikin na maƙwabta, yana fitowa a duk wadda na zuba. Na taɓa goge shi, mata suka ƙi saye, wai jabu ce.

"Ta maƙerarmu ce," na ce, idona a ƙasa.

Ya daɗe yana shafa wurin.

"Ba ni ita. Ɗiyata ta fara girki, ba abin uwarta ko ɗaya da ya rage mana."

Na miƙa masa. Ta asalin tana bayana cikin yashi, tana jiran zubin la'asar.